Ƙwayar Ciwon Baya da Ta Kusa Shaƙe Ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba. Masu tambayar ina hotunan ɗinki suka shiga, ku yi haƙuri, jinya na yi. Sai yau na iya zama in rubuta.

Abin ya faro ne ana tsakiyar kullen korona. Iyaka a rufe, maigidana ya maƙale a ɓangaren Benin inda ya kai albasa. Ni ina Kende tare da Inna, mahaifiyarsa, ina ɗinka takunkumin fuska tun safe har la'asar, bayana kamar zai tsinke.

Wata Talata jikina ya kama ƙaiƙayi, fata ta yi ruɗu-ruɗu. Na ce borin jini ne, zai wuce. Ya wuce ɗin, bayan kwana uku ya dawo.

Karo na uku leɓena ya kumbura, ido ɗaya ya rufe, numfashi yana fita da ƙara kamar usur.

A lokacin nan ko tari mutum ya yi sai a ja baya. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Inna kaɗai ta tsaya, ita ta riƙe ni a bayan mota har asibitin Bagudo, tana cewa, "Ja numfashi, ɗiyata, mun kusa."

Aka yi mini allura, kumburin ya sauka. Aka ɗebi jini, aka cusa mini tsinken gwajin korona a hanci. Kwanakin jiran sakamako ban iya zama wuri ɗaya ba. Ya fito, ba ita ba ce. To mene ne? Ba wanda ya sani.

Wata nas ta ce likitan alaji nake buƙata, wato mai gano abin da jiki ba ya jituwa da shi. Sai a Sakkwato, kuma sun daina ganin mutane ido da ido, sai ta kiran bidiyo. Ita ta sama mini rana.

A gidanmu sabis ɗin Benin waya take kamawa. Sai na hau tudun bayan makarantar firamare kafin in sami namu. Kiran farko ya yanke sau huɗu. Abin da na tsinta kawai, likitar ta ce in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina, in ɗauki hoton fatar idan ta tashi.

Tsoro ya sa na bar kifi, na bar gyaɗa, na bar nono. Na rame. Kuɗin data da na magani suka cinye ɗan abin da na tara. Duk da haka ciwon ya sake tashi.

Kafin kira na biyu likitar ta ce in zo da duk wani magani da ke ɗakina. Na zazzage ledar magungunana a kan zanina, ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ta tsayar da ni a kan wani katin ƙwaya mai rubutun Faransanci.

"Wannan fa? Ban gan shi a rubutunki ba."

Na ce na ciwon baya ne, a kasuwa nake saye, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ta sa na tuna ranakun da na sha. Duk suka yi daidai da ranakun kumburin.

"Kada ki ƙara shan sa, shi da danginsa," in ji ta. "Kumburi na gaba zai iya toshe miki maƙogwaro kafin ki isa Bagudo."

Nan take na ware katin nan gefe guda.

Ta turo mini sunayen waɗanda zan guje wa, da wanda zan sha a madadinsu. Tun ranar ko ƙaiƙayi ban sake ji ba. Maigidana ya dawo ya tarar da ni a kan keken ɗinki.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da nas ɗin nan, da likitar da har yau ban taɓa zama ɗaki ɗaya da ita ba.

Don Allah, idan likita ya tambaye ku abin da kuke sha, ku faɗi har ƙwayar da kuka raina. Kuma idan leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, kada ku tsaya kiran kowa. Ku nufi asibiti mafi kusa.