Kafar da Jibo Ya Toshe

Sunansa na yanka Jibo. Duk wanda ya ce maka Nasiruddeen, to bayan gemu ya san shi. Mu taubasansa mun san shi tun yana yawo ba wando, tumbi a gaba kamar an kifa masa ƙwarya.

A gidan Kaka Altine aka haife shi, can gindin dutse, a tsohuwar unguwar Dogon Dutsi. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, ya zauna a aji guda har bencin ya san shi, mushe, malaminsu, ya gaji ya sallame shi. Ya sayar da fetur a kwalba, ya koma rigunan wayar salula, har Allah ya ba shi butik, shago nasa na kansa, a bakin kasuwa. Daga nan ya fara zama wajen wa'azi. Wandonsa ya rage tsawo, sunansa ya ƙara. Ya auri Rumaisa'u, ya kama hayar gidan siminti a sabuwar unguwa, ya ce shi da al'adun tsofaffi sai dai a gaisa daga nesa. Gaskiyar magana, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya ƙarya a ciniki. Ciwonsa guda ne: ya fi son ya faɗa rijiya da a ce ya yi kuskure.

Gidan Kaka na ƙasa ne, da zaure, da ɗakuna, da tsakar gida mai faɗi. A katangar gabas, wadda ke kallon dutse, akwai wata kafa tun daga ƙasa har sama, faɗinta daidai mutum ya ratsa a karkace. Ba rushewa ta yi ba, haka aka gina ta. Kaka ta ce hanyar Maƙwabciya ce. Ba ta taɓa kiran ta doguwa da bakinta ba, ko da yake kowa ya san aljanar da take nufi. In rana ta take tsaka, in ji Kaka, Maƙwabciya takan sauko daga dutse, ta shigo ta kafar, ta huta, ta koma. Ba ta cin na kowa, ba ta taɓa kowa. Doka ɗaya ce, kuma Jibo ya sha ta da muciya a gadon baya: ɗan Adam ba ya bi ta kafar.

"Wanda duk yab bi ta nan," in ji Kaka, "ya ce mata biyo ni ke nan. Ita ko ba ta ƙin gayyata."

Ko awaki ba sa bi. Akuyar Dutsi da za ta ci maka takardar haihuwa a aljihu, in ta zo kafar nan sai ta yi kwana kamar an kira ta.

Da Kaka ta rasu, gida ya zama ba kowa. Kawunnai suna Yamai, yayarsa Husaina tana aure a Dumega. Aka taru aka ce a sayar a raba gado kafin damina, don azarar ɗakunan ta fara lanƙwasa, ruwa mai ƙarfi guda zai mai da gidan tudun laka. Jibo ya miƙe a gaban dangi ya bugi ƙirji.

"Ku bar mini. Kahin ruwan hwari za ni saida shi, kuma ko kaza ba a yankawa don wani abu da ba a gani."

Ya nemo Maikano dillali, wanda zai iya sayar maka da jaki ya rantse doki ne da ya yi rashin lafiya. Maikano ya zaga gidan yana taɓe baki.

"Ustaz, gida kamar budurwa yake, sai da kwalliya. Ka shafe shi da siminti, ka yi fenti. Wagga kafa kuwa, wa za ya sayi gida da ƙofar ɓarawo a shirye?"

"Dama ita nika so in fara da ita," in ji Jibo.

Magini ya yi alkawarin safe, bai iso ba sai da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ya dubi rana, ya dubi kafar, ya ce ko a bari sai la'asar. Jibo ya ce shi bai ɗauko shi aikin duba ba. Aka jera bulo, aka shafe, kafa ta ɓace. Suna sa bulo na ƙarshe iskar tsakar gidan ta tsaya cak. Magini ya tattara kayansa, ko hannu bai tsaya wankewa ba.

Gida ya yi kyau, wannan ba gardama. Fenti shuɗi, zaure fari fat, har daga tasha ana hango shi. Mai saye na farko wani ɗan duwan ne, wato jami'in kwastan, da aka yi wa canjin aiki zuwa garin. Ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya leƙa ɗakuna, yana gyaɗa kai. Da ya juyo wajen katangar gabas sai ya rage murya, ya ɗan rusuna.

"Sannu da hutawa, Inna."

Jibo ya waiwaya. Katanga ce, sai sabon fenti.

A waje ɗan duwan ya ce, "Malam, ba ku gaya mini da mutum a ciki ba. Ni ba na korar tsohuwa daga gidanta." Ya shiga mota ya tafi.

Jibo ya ce zafin rana ne, da ma mutanen duwan ba sa samun barci. Maikano ya ce wataƙila tsakar gidan ce ta yi ƙasa-ƙasa da yawa, a jawo famfo. Aka jawo. Wani malamin makaranta, Mushe Yasir, ya zo da matarsa. Matar ta sa ƙafa ɗaya a tsakar gida, ta ɗaga kai sama, ta ƙara ɗagawa, kamar mai duban wanda ke bisa raƙumi. Ta janye ƙafarta, ta ce wa mijinta ta bar tukunya a wuta. Mutanen da ko gida ba su samu ba tukuna, ina suka ga murhu?

Aka sa ƙofar ƙarfe. Aka jawo wutar lantarki. Jibo ya dasa fulawa a bakin zaure, abin da tun da aka kafa unguwar ba a taɓa gani ba, har tsofaffi suna tambaya ko miya ake yi da ita. Ya ɗauki hoton gidan da salula don a yaɗa. A hoton akwai wata inuwa siririya da ta ratsa tsakar gida daga katangar gabas har bakin zaure. Babu itace a gidan. Ya goge hoton ya ce gilashin wayar ne ya yi datti.

Shi dai bai taɓa ganin kowa ba, kuma wannan ya fi damun sa. Makulli yana aljihunsa, amma kullum ya buɗe sai ya tarar an share tsakar gida tas. Sawun tsintsiya yana zagayawa, yana zagayawa, ya je ya ƙare a gindin sabon bulo. Wata rana ya ɗaga ido. A can sama, inda ko ya hau turmi hannunsa ba zai kai ba, fentin ya kankare layi-layi, kamar an yi ta shafa wurin da farce ana neman bakin ƙofa.

Ya yi addu'o'insa, ya kulle, ya koma butik. Ranar har canji ya ba mutum sau biyu.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Manoma suna gyara kalme. Labari ya gama gari: gidan Altine ya fi na farfe, shugaban gundumar, kyau, amma da mai shi a ciki. Husaina ta kira shi daga Dumega.

"Jibo."

"Nasiruddeen, Yaya."

"Jibo nac ce. Da wane lokaci ka toshe kafar Kaka?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Da rana tsaka ko? Kai wane irin yaro ne? Baƙuwa ta shigo hutawa ka gine ta a ciki, kana ta yi mata fenti! Mi kaka so ta yi, ta saye gidan?"

"Yaya, wannan magana ba ta da asali."

"Ruwa na da asali. In ya zubo gidan ya zauna, kai za ka tsaya gaban su Kawu ka yi musu wa'azi. Ba kaza nac ce ka yanka ba. Buɗe mata ta tahi."

Maikano ne ya samo masa mafita, don dillali ba ya rasa sunan da zai sa wa abu.

"Ustaz, wa ya ce kafar doguwa ce? Hanyar ruwa ce. Gida mai gindin dutse dole a bar wa ruwa wurin wucewa. Ilimin gini ne wannan."

"Hanyar ruwa har sama da kai?"

"Ruwan bana da yawa za ya zo."

Jibo bai yarda a kira magini ba, kada magana ta fita. Ya ari guduma, ya naɗe ta a buhu kamar kayan sata. Ya zaɓi rana tsaka, lokacin da gari ke kwance a inuwa, ba mai ganin sa. Ya shiga, ya tura ƙofar zaure, ya fara duka.

Gidan shiru, ko kukan kurciya babu. Duk bugu ɗaya sai ya ji kamar an matso bayansa kaɗan. Bai waiwaya ba. Zufa tana zuba, amma ƙeyarsa sanyi ƙalau, kamar wani dogo ya tsaya yana yi masa inuwa. Bulo ya faɗi, wani ya bi shi. Haske ya shigo, ga dutse can tsaye yana kallon sa. Ya share ɓaraguzai gefe da ƙafa, kafa ta koma yadda Kaka ta bar ta.

Sai ya ji muryar Maikano a zaure, da ƙarar ƙofar ƙarfe.

"Bismilla Madam, shigo ki gani da idonki. Mai gidan ma malami ne, duk garin nan ba wanda ya kai shi tsanar camfi."

Jibo ya dubi kansa. Fari fat da ƙurar siminti har gemu, guduma a hannu, tsaye a bakin hanyar doguwa da rana tsaka. Kafin la'asar labarin zai kai masallaci, kafin magariba ya kai Tibiri. Ƙofa ɗaya ce, kuma suna cikinta.

Ya karkace ya ratsa ta kafar.

Yana tsakiya muciyar Kaka ta faɗo masa a rai. Ya yi a'uziyya, ya ƙarasa fita, ya bi lungu da sauri. Rana tana dukan kowa a titi, karnuka sun zaro harshe. Shi kaɗai ya taka har butik cikin inuwa.

Madam Bushira ungozoma ce da aka kawo daga Maradi. Ta zaga gidan lungu-lungu, ba ta gaida kowa ba, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce gidan sakayau yake, kamar wanda aka daɗe da tashi. Kafar ma ta ce a bar ta, iska na shigowa. Aka yi ciniki a satin, ta sa aka canza azara, ruwan farko ya zubo a kan rufi mai ƙarfi. Dangi suka yi ta sa wa Jibo albarka. Ya ce ai ya gaya musu, fenti ne da dabara.

Ranar da aka ba Madam makulli ya koma gida cin abincin rana yana ta murmushi. Ya tarar da tsakar gidan hayarsa a share tas. Rumaisa'u tana tankaɗe a bakin madafa.

"Sannu da aiki," ya ce. "Yau shara har da bango?"

"Ba ni ba ce, Malam. Gwaggonka ce."

"Wace gwaggo?"

"Doguwar nan mana. Tun ranar da ka dawo da ƙura a gemu take zuwa, in rana ta take. Na ɗauka ka san da ita. Sai ta sunkuya take shiga ƙofa, baiwar Allah. Ba ta cin komai, na yi na yi." Ta buga rariya a tafin hannu. "Yau dai ta yi magana. Ta ce gidan ya yi mata, amma shiga ta ƙofar mutane na ba ta wuya. Wai in tambaye ka, ta wane gefe za ka buɗe mata?"

Jibo ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Tsakar gidan siminti ce, ba itace, ba rumfa. Wata inuwa siririya ta taso daga bayansa, ta wuce tasa, ta hau bango.

Mai gidan hayar ya ce duk wanda ya taɓa masa katanga sai sun haɗu a gaban alƙali. Shi ya sa kwanakin nan, in ka je wajen Maikano, za ka tarar da Nasiruddeen zaune a benci yana magana ƙasa-ƙasa. Gidan haya yake nema, ko na ƙasa ne, ko ba fenti. Sharaɗinsa ɗaya: katangar gabas ta kasance da hanyar ruwa, daga ƙasa har sama.