Baƙon Yaya Balkisa da Rana Ta Ƙone

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi ake komawa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Ƙaramar Salla na shekarar 1446, wadda ta yi daidai da sha biyar ga Afrilu 2025, Allah Ya karɓi ran Yaya Balkisa, matar marigayi Malam Isufu, a ɗakinta nan Filinge. An yi mata sutura bayan la'asar. Ga shi har an yi sadakar arba'in an watse, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami.

Yaya, ba ciki ɗaya muka fito ba. Katanga ce tsakanin gidanku da namu, kuma ke kika riƙe hannuna ranar da aka kai ni makarantar allo. Tun daga nan ban san wani sunan da zan kira ki da shi ba.

Alherinki akwai waɗanda suka fi ni iya faɗinsa. A'isa, Bafillatar da ke kawo mana nono, ta zo gaisuwa ta kasa shiga gidan, ta zauna bakin zaure tana ba matan unguwa labarin shekarar da fari ya cinye shanunsu, yadda ta zo miki da ƙwarya wayam kika cika mata da hatsi, ba ki ma bar ta ta gama godiya ba. Matan unguwar nan da suka riga mu, ke kika wanke yawancinsu, kuma ba a taɓa jin abin da idonki ya gani a bakinki ba. Ke kika koya mini aikin. Ban zaci a kanki zan yi shi ba.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun rasuwarki, itacen nan ne na cikin tukunya.

Ɗanki Yakubu ya kawo miki shi daga Yamai shekarun baya. Kara ɗaya ne, da dogayen ganye kamar na dawa, mai ratsin ɗorawa a tsakiya. Ya ce sunansa dirasena, ke kuma kika ce sunan ya yi miki nauyi, kika sa masa Baƙo. Mata suka samu abin tsokana. Har ni na taɓa cewa, "Yaya, wanga icce ba shi ɗiya, ba shi inuwa, ba a miya da shi. Mi ak amfaninai?" Kika ce, "Shina tasbihi, kamar kowa. Ke har miya kike so shi yi miki?"

Kusa da shi kike alwala, ragowar ruwan buta shi ne rabonsa, kuma kin ce ya ishe shi. Wahalarsa ba ta ruwa ba ce, ta haske ce. Ba ya son rana ta buge shi, ba ya kuma son duhu, ga shi rana ba ta zama wuri ɗaya shekara duka. Ƙofar ɗakinki kudu take kallo. In ɗari ya shigo, rana ta karkata ta yi laushi, sai ki matso da shi kusa da ƙofa ya samu hasken hantsi, ki rage masa ruwa. In bazara ta kama, sai ki ja shi can ƙurya, inda hasken da ya dawo daga bango kaɗai ke kai. Da damina, sama ta lulluɓe, kikan fitar da shi ƙarƙashin rumfa, a nan yake sabon ganye. Da an fara yankan hatsi, gari ya washe, rana ta dawo da zafinta, sai ki mai da shi ciki. Kowace Juma'a kuma kina juya tukunyar don kada ya sunkuya gefe ɗaya.

Kin nuna mini yadda kike ganewa. Ki miƙa tafin hannu tsakanin haske da ganye. In inuwar yatsu ta fito sarai, hasken ya yi yawa. In babu inuwa sam, ya yi kaɗan. Wadda ake so ita ce inuwar da ake gani dishi-dishi.

Lokacin da na yi takabar maigidana, na rufe ɗaki na saki labule, ban son ganin kowa. Wasu suna cewa in fito in sha iska, wasu suna cewa a ƙyale ni. Ke kuwa kullum kikan shigo da hura, ki ɗage gefen labulen kaɗan, ki zauna, ki tafi. Washegari ki ƙara ɗagewa. Ban lura da ranar da ɗakin ya koma da haskensa ba.

Ranar da kika rasu, mata suka kwashe kayan ɗakin don a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi. Ba da mugun nufi ba, wata ta ɗauki tukunyar ta ajiye ta tsakar gida kusa da turmi. Ai kowa a nan ya san itace waje yake zama, rana ce abincinsa. Ni ina wajen wanka, bayan nan ina zaune ina amsa gaisuwa. Sai ranar sadakar uku idona ya kai kansa. Tsakiyar bazara, Yaya. Ganyen sama duk sun ƙone sun zama kamar harawa, na ƙasa sun rataye.

Cikin jinyarki kin ce mini, "In na tahi, ki ɗauki Baƙo." Amma daga ni sai ke a ɗakin, babu wanda ya ji. Da rai ya fita, duk abin da ke gidan ya zama na magada, har tsintsiya. Yakubu ya koma bakin aikinsa, ɗiyarki Latifa kuma tana Abala cikin jego, ba ta ma samu zuwa jana'iza ba. An rufe ɗakinki sai ranar rabo. Na roƙa aka bar tukunyar a waje, ƙarƙashin rumfa, amma ban iya ƙetare katanga da ita ba.

Inuwar rumfa a bazara ba ta tsayawa. Da safe tana yamma, da marece tana gabas. Haka na riƙa zagayowa ina jan tukunyar ina bin inuwa, ga ciwon gwiwa, ga zafin da ke sa numfashi nauyi. Wata rana nakan zauna gefenta in kasa tashi. Na gaji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Kuma har yau, in na shigo gidan, sallamar da nake yi ke nake jiran ki amsa.

Ranar arba'in Yakubu da Latifa suka zo, bayan an raba sadaka na tara su biyun na faɗa musu abin da kika ce, na kuma ce ba ni da shaida. Yakubu ya yi dariya da jan ido, ya ce, "Goggo, don icce ɗai kike wagga wahala? Ɗauki abinki." Latifa kuwa tana shafa ganyen da ya ƙone, jaririnta a baya. Can ta ce, "Goggo, ni ban ga Inna ba. Tufa da kwanoni a ba wa mai so. Wanga shi a ba ni."

Ni kuwa na riga na share masa wuri a ɗakina. Amma haƙƙinta ne, kuma ta fi ni rashi. Na ce ta ɗauka. Muka zauna na karanta mata ɗari da bazara da damina da kaka, na kama hannunta na nuna mata inuwar yatsu. Na ce kan da ya ƙone sai an sare, sa'an nan gindin zai yi toho, haka kika taɓa gaya mini. Ta ɗauko wuƙarki ta sare. Ta daɗe tana duban guntun karan, sai ta miƙo mini, ta ce, "Ai Inna ta ce ki ɗauka."

Na dasa shi a gwangwani, yana wurin da nake alwala. Har yanzu kara ne tsirara, bai nuna komai ba. Hadari ya fara tasowa gabas. In an yi ruwan shuka zan fitar da shi ƙarƙashin rumfa, sauran kuma na Allah ne.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Balkisa. Ya gafarta miki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa matan da kika wanke. Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa ki a inuwarSa ranar da babu wata inuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yakubu da Latifa da jikokinki, da dangin Malam Isufu na nan Filinge da na Tabla, da duk wanda ya taɓa cin hatsin hannunki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.