Mai Kwallin Motoci

Duk wanda ya taɓa shiga layin makanikai a shekarun da ake yayin liƙa leda a fitilun mota ya san shagon nan da ke tsakanin mai gyaran wayar mota da mai facin taya. Ɗan tsukukun shago ne mai shuɗiyar ƙofa, da rumfar kwano a gaba wadda mota ɗaya tak take ɗauka. Mai shagon dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafo, kowa kuma Mai Kwalli yake ce masa. Wani direba ne ya taɓa tsayawa yana kallon motarsa bayan an gama mata aiki, ya tafa hannu ya ce, "Kai, wallahi ka rangaɗa wa amaryata kwalli!" Daga ranar suna ya bi shi, har matarsa in ta so tsokanarsa da shi take kiransa.

Ba da mota ya fara ba. Shekara goma sha huɗu ya yi a wani gidan ɗab'i yana ɗinke littattafai yana liƙa wa bangonsu leda. Can ya gane cewa leda ba ta son ƙura, ba ta kuma son mai gaggawa. Da gidan ya sayo inji mai yin aikin mutum uku, aka sallame shi da godiya da takardar shaida. Ya kama wannan shago yana yanka haruffa ana mannawa a allunan shaguna, kasuwa dai ga ta nan, ba yabo ba fallasa.

Wata rana wani direban tasi ya leƙo, gilashin fitilarsa ta hagu ya tsage. Ya ce, "Malam, ko kana da abin da zai riƙe min ita kafin in samu sabuwa?" Akwai ragowar wata leda mai ruwan zuma a ƙarƙashin tebur. Ya yanko, ya shafe ta a kan fitilar, ya ga abin ya yi bambaraƙwai, sai ya yi wa ta dama ma. Da direban ya kunna, hasken ya fito da wani taushi, tsohuwar motar ta koma kamar yau aka sauko da ita. Kafin mako ya zagayo direbobi biyar sun zo, kuma babu wanda fitilarsa ta tsage a cikinsu.

Kayan aikinsa ba su cika ƙaramin akwati ba: kwalbar feshi mai ruwa da ɗigon sabulu, reza, tsohon katin banki da ya naɗe da ƙyalle mai laushi, sai abin busar da gashi da ya karɓo wurin ƙanwar matarsa da sunan aro, bai kuma taɓa mayarwa ba. Kafin ya taɓa mota sai ya yayyafa ruwa a ƙasan rumfa don ƙura ta kwanta. Ya wanke fitilar sau biyu, ya fesa mata ruwan sabulu, ya ɗora ledar, sannan ya fara tura ruwan daga tsakiya zuwa gefe da katin nan, a hankali, kamar mai lallashin jariri. In ya zo kusurwa sai ya hura mata zafi ta yi laushi, ya ja ta ta bi lanƙwasar gilashin. A nan ake gane gwani. Mai garaje ledarsa kan tattare, ko ta yi kumfa. Shi kumfar nan ƙuraje yake ce mata, ya kuma ce motar da ta fita da ƙuraje daga rumfarsa ta zage shi har gida.

Yana da doka ɗaya da ba ya karyawa. In ya gama, sai ya sauke labulen buhu a bakin rumfa, ya sa a kunna fitila, ya yi taku goma, ya buɗe jarida. In ya karanta ƙananan rubutu, mota ta wuce. In ya kasa, sai ya ɓare ledar ya sa mai haske-haske. Samari masu son baƙa wuluk sun sha faɗa da shi.

"Baba, motata ce fa," in ji wani.

"Motarka ce, ɗana, amma hanyar ba taka ba ce. Akwai 'ya'yan mutane a kanta."

Maƙwabcinsa Mai Waya kishiyarsa ne a komai: gajere, mai tumbi, mai baki kamar rediyo. Shekara ashirin da biyu suna cin abincin rana a benci ɗaya, kwano ɗaya, gardama ɗaya.

"Ni ina ba mota haske, kai kana rage mata," in ji Mai Waya. "Don Allah a cikinmu wa ya fi amfani?"

"Mace ma ba don ta ƙara gani take sa kwalli ba," in ji Mai Kwalli. "Ci abinci, surutu ba ya cika ciki."

Waɗannan su ne shekarun da har yanzu ya fi tunawa. Ranar Asabar motoci kan yi layi har bakin famfo. Naɗe-naɗen leda a jingine a bango, mai ruwan hayaƙi, mai ruwan zuma, rawaya, da wata shuɗiya da ba ya son sayarwa sai an matsa. Rediyon mai faci na tashi, ƙamshin sabulu na gauraya da warin man inji, samari na zaune a kan tsofaffin tayoyi suna musu kan wace mota ce ta fi kyan fuska. Da wannan sana'a ya yi wa gidansa rufi, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta, har autarsa ta gama ta samu aiki a kantin magani.

Abin ya fara ne da jarida. Ya gama aiki, ya yi taku goma, rubutu ya ƙi fitowa. Ya ɓare ledar, ya sa wata, nan ma haka. Ya hau faɗa cewa masu kawo kaya sun lalace, leda ta zama jabu. Ya matso taku takwas, daga baya biyar, daga baya ya daina ɗaukar jaridar gaba ɗaya, ya ce ai hannunsa ya riga ya san aiki. Auta ta dubi idonsa a hasken taga ta ce, "Baba, yanar ido ce take rufe maka gani. Aiki ne na rabin sa'a a asibiti."

"Wuƙa a idona? Ni da nake riƙe reza kullum na san abin da take yi. Bar ni, gajiya ce."

Abin da ya ƙara masa taurin kai shi ne masu motoci ba su daina zuwa ba, ba su kuma daina yabo ba. Mutum zai dawo bayan wata guda ya ce, "Baba, aikin nan kamar daga kamfani." Sai ya koma gida ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Makaho ne ke yin wannan?" Abu ɗaya ne ya ɗan dame shi: Mai Waya ya tsiri wata sabuwar ɗabi'a. Duk motar da ta fito daga rumfa sai ya tare ta, ya ce wa mai ita, "Kawo in duba maka wayar fitila, kyauta ne, shiga da ita baya." Mai Kwalli ya ɗauka neman kasuwa ne, har yana yi masa ba'a cewa tsufa ya zo masa da kwaɗayi.

Haka aka yi shekara ɗaya da rabi. Rannan da hantsi wata mace ta tsaya a bakin rumfa, ya miƙe da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, wace ce motar taki?"

Ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Maigida, ni ce. Maganinka ka manta a gida."

Shekara talatin da ɗaya suna tare. Ya karɓi maganin. Washegari da kansa ya ce wa Auta ta kai shi.

Aka yi aiki, ido ɗaya sannan ɗayan. Ranar da ya dawo layi duniya ta yi masa tsabta har tana ba shi tsoro. Ya ga shuɗin ƙofarsa ya koɗe, ya ga yanar gizo a kusurwar rumfa, ya ga ashe kan Mai Waya ya yi fari fat.

"Yaushe ka tsufa haka?" ya tambaye shi.

"Tun kana makaho. Kai da ka shekara ashirin kana rufe wa motoci ido, ai dole a rama musu."

Da azahar ya zagaya bayan shagon Mai Waya zai ɗebi ruwa. A gindin bango ya ga wani babban kwali cike da ɓararrun ledoji. Ya ɗauko ɗaya ya ɗaga ta sama. Yankansa ne, ya san yadda yake karya kusurwa, amma gefen a karkace yake kamar haƙorin zarto, tsakiyar duk tabon ƙuraje, har da gashi a manne. Ya ɗauko ta biyu, ta uku, ta goma. A kan wani ɗan tebur kuma ga kwalbar feshi, ga fakitin reza, ga sabon abin busar da gashi.

Ya fito da leda ɗaya a hannu ya tsaya a gaban Mai Waya. "Mene ne wannan?"

Mai Waya, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya sosa ƙeya ya dubi ƙasa. "To, ai ka gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da wani yaro ya fito daga wurinka yana dariya, zai je ya nuna wa abokansa. Na ce ya kawo in gyara. Shekara ashirin ina kallon hannunka, na ɗauka abin wasa ne. Wallahi na farkon da na yi, naka na makanta ya fi shi kyau. Na lalata leda ta fi naɗi uku, dubi yatsuna yadda zafi ya cinye su."

"Kuma duk layin nan sun sani?"

"Mai faci ne ke jan ka da hira in mota za ta shiga baya."

Mai Kwalli ya ajiye ledar a kan benci, ya kulle shagonsa, ya tafi gida. Kwana huɗu bai fito ba. Yabon nan da yake kai wa matarsa shi ya fi ci masa rai. Ashe rawa yake da kiɗan wani. A rana ta huɗu matar ta ajiye masa shayi ta ce, "Maigida, mutum ya ƙona yatsunsa don kada a yi maka dariya, kai kuma ka zauna kana fushi. In wannan ne laifi, Allah ya ba ni maƙiya irinsa."

Da safe ya fita. Ya tarar da Mai Waya a kan bencin shi kaɗai. Bai gaishe shi ba, ya ce, "Tashi ka nuna min aikin naka." Akwai wata farar mota da aka kawo gyaran birki, aikin Mai Waya ne a fitilunta. Mai Kwalli ya durƙusa, ya bi gefen da ɗan yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ka ja ta da yawa a kusurwa. Nan da shekara za ta ɗago."

"Shi ke nan abin da ka gani?"

"Sauran ba laifi," in ji Mai Kwalli. "Ba laifi ko kaɗan."

Sun ƙara shekara uku tare. Amma yayi ba ya zama. Sababbin motoci suka shigo da fitilu masu nasu ado tun daga kamfani, jami'an hanya kuma suka matsa wa masu leda lamba. Layin Asabar ya koma mota biyu, ya koma babu. Mai Waya gwiwa ta hana shi durƙuso, babban ɗansa ya zo ya ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. Wata biyu bayan haka Mai Kwalli ya miƙa makullin shago, wani mai sayar da kayan wayar hannu ya shiga.

Yanzu yakan zauna a ƙofar gida da la'asar. Jefi-jefi wata tsohuwar mota kan wuce da fitila mai ruwan zuma da ta koɗe, sai ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya laluba aljihu ya kira Mai Waya.

"Na ga wata ja yanzu, mai ƙofa biyu, ta lotse a gefen dama."

"Ledar ta ɗago?"

"Ko kaɗan."

"To tawa ce."

"Ƙarya kake, tun kafin idona ya lalace na yi ta."

Sukan yi ta yi har matarsa ta leƙo ta ce abinci na hucewa.