Layin da ya ce namu ne mu biyu

Shekarar da damina ta yi jinkiri, ni da taubashina, ɗan kawuna, muka haɗa shanunmu wuri ɗaya. Nawa ba su da yawa, amma a cikinsu akwai wata jar saniya, ita kaɗai ta rage cikin abin da mahaifiyata ta bar mini. Bazara ta cinye ta har haƙarƙarinta sun fito. Ita nake so in kai ga sabuwar ciyawa da ranta.

Arewa da Dakoro, da ka wuce Rumbu kaɗan rezo, wato sabis ɗin waya, yakan ɗauke, waya ta zama ado. Shi ya sa muka shiga kasuwa neman oba-oba, rediyon hannun nan da ake magana da shi a daji. Mai butik, shagon da ake sayar da su, ya ajiye mana iri biyu. Ɗaya ƙarami, ka murɗa ka danna ka yi magana, shi ke nan, sai dai muryarsa ba ta nisa. Ɗayan kuwa mai doguwar eriya, da gilashi, da maɓallai rututu. Yana kai magana nesa, batirinsa na daɗewa, har labarai yake kamawa. Aibinsa ɗaya, ban san kansa ba, kuma ba na son abin da sai wani ya sarrafa mini.

Taubashi ya yi mini dariya. "Kai baƙauye ne tun hil azal. Wanga ana kulle mai layi. Ni da kai kaɗai, ko aljani ba ya jin mu."

Maganar kullen nan ita ta saye ni. A wurinmu wanda ya gano inda ruwan farko ya sauka yakan kama bakinsa har nasa dabbobin su isa, sannan ya faɗa wa duniya. Ba rowa ba ce. Ciyawar fari ba ta da auki, babban garke ɗaya ya ishe ta. Muka sayi mai doguwar eriyar guda biyu, taubashi ya karɓe su ya yi ta danne-danne, ya miƙo mini nawa ya ce kada in taɓa komai.

Na bar shi da shanu, na hau moto, wato babur, na yi ta yawo a daji har na dace. Wani kwari ne wajen Tarka, ƙasa da danshi, ciyawa ta yi kore shar, ga ruwa kwance. Na danna na kwatanta masa wurin dalla-dalla, har da gawon da tsawa ta tsaga. Na koma muka koro shanun a hankali, don jar saniyar ba ta iya sauri.

Muna dab da isa rediyon ya yi ƙara a aljihuna. Muryar wani dattijo ce, na kuma gane ta: surukin taubashina, mutum mai garken da ba a ganin ƙarshensa.

"Ɗana, Allah shi saka maka da alheri. Tun ranar da ka hwaɗi muka taso. Yaron ga ya ce kai ka ce a sa namu bisa layinku. Dabbobi sun ci sun ƙoshi."

Tsohon ba shi da laifi, da zuciya ɗaya yake godiya. Na danna na ce, "Amin, Baba." Ban taɓa faɗin amin mai ɗaci irin wannan ba.

Na juya na dubi taubashi. Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sanda. "In kai na, mi za ka ce ma surukinka?"

Da ya tambaye ni, wallahi da na yarda, in ce dai su bari mu fara isa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya zaɓar mini abin da ya san ba zan gane ba, ya yi kyauta da bakina, sannan ya yi ta tafiya kusa da ni yana taya ni lallashin saniya.

Kwarin mun tarar da shi fes, sai sawun kofato da kashi, ruwan ya zama taɓo. Jar saniyar ta sunsuna ƙasa, ta durƙusa. Muka ɗaga ta da wutsiya, ta sake zubewa. Da na ga idonta ya fara juyawa, na zaro wuƙa don kada ta yi mushe. Babu kowa kusa sai shi, dole shi ya riƙe mini ƙafafunta.