Yadda Yayana Ya Goge Maƙogwaron Motar Marayuna

Assalamu alaikum, masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da fita takaba ba, ina zaune a unguwar Kara-Kara a Damagaram da 'ya'ya huɗu. Mijina, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gona ko shago ba. Abin da ya bari shi ne gidan da muke ciki, da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan isansi, wato fetur, wadda ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Gidimuni da birni. Takan ɗauko tumatir da kabeji da rake daga lambunan bakin tafki, ta koma da kayan masu kanti. Da aka zo rabon gado dattawa suka ce kada a sayar da ita, a bar ta tana aiki marayu su ci. Wani aminin marigayin, dattijo Babarbare mai ƙarancin magana, shi ya karɓi tuƙin. A bayan motar nan tuwonmu yake, a nan kuma kuɗin lekol, wato makarantar yarana, yake, har da babbar 'yata da ke kolej tana burin zama ungozoma a asibiti. Ranar da motar ba ta fita ba, ranar ba mu ɗora tukunya, kuma babu wanda bai san haka ba a danginmu.

Ana nan sai motar ta fara gajiya. Direban ya gaya min in ta ɗauki kaya ta shiga rairayi sai ta riƙa shaƙewa kamar mai asma, ga shan mai fiye da da. Makanikin da mijina ya saba da shi ya duba, ya ce maƙogwaronta ne ya yi datti. Da yake ban san komai ba, sai ya kira ni ya nuna min. Wani bututun alminiyam ne da iska ke bi ta shiga inji, a cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe da ke buɗewa in an taka totur, ya rufe in an ɗaga ƙafa. Su a garaji papiyon suke ce masa. Ya ce a wanke shi da maganinsa, a canza matatar iska, in hali ya samu nan gaba a sayi wani papiyon, don a lokacin kayan gyaran da ake kawowa daga Kano sun yi tsadar da ta fi ƙarfina. Na ce ya ɗan yi min haƙuri, da zarar kayan lambu sun kankama zan yi. Da a nan na tsaya, da yau ba na rubuta muku wannan wasiƙa.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, maƙerin tukwanen alminiyam ne. Ba zan ci haƙƙinsa ba, a sana'arsa gwani ne. Tukunyar da ya zuba ya goge, amarya kan iya duba fuskarta a jiki. Amma mutum ne wanda bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi. Ranar wani suna a gidanmu, subul da baka na ambaci matsalar motar. Sai ya zaro wayarsa ya nuna mana wani bidiyo na waɗansu Turawa suna kankare cikin irin wannan bututun, suna faɗaɗa shi, suna goge shi har ya yi ƙyalli, wai inji ya samu iska ya ƙara ƙarfi. Ya ce makanikai cuta ce kawai suka iya, abin nan alminiyam ne, shi kuwa a cikin alminiyam ya yi furfura. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi zai yi wa marayu aikin nan saboda Allah, ko dala ba zai karɓa ba. Innarmu ta shiga sa masa albarka, goggonnina suna cewa ɗan'uwa rabin jiki. Ku gaya min, a tsakiyar wannan taron da wane bakin ƙanwa za ta ce wa yayanta a'a? Na durƙusa na yi godiya.

Ya zo ya shimfiɗa tabarma a zaurena, ya sa direban ya kwanto masa papiyon ɗin. Kayan aikinsa magagari ne, da samfefa da ya sayo wurin wani Bakano a kasuwa, da ɗan injin guga da ya aro, sai toka da baƙin mai irin wanda yake goge tukwane da shi. Ya kankare bakin bututun, ya faɗaɗa cikinsa, ya rage kaurin sandar da faifan ke juyawa a kai. Ina kawo musu ruwa na tarar ya kai ga waɗansu 'yan ƙusoshi biyu masu zare da ke riƙe da faifan, yana cewa wutsiyoyinsu sun yi tsini suna tare iska, sai ya aske su. A nan direban ya yi magana, shi da ba ya shiga sabgar kowa. Ya ce, cikin ladabi, ya taɓa jin da gangan ake daddaƙe wutsiyar ƙusoshin nan tun daga kamfani don kada su warware, a bar su yadda suke. Yayana ya yi dariya, ya ce ashe yanzu mai riƙe sitiyari ne zai koya wa maƙeri ƙarfe. Dattijon ya juyo ya dube ni, don ni ce mai mota, maganata ce za ta tsayar da aikin. Ni kuwa na ajiye kwanon ruwa, na sunkuyar da kai, na shige gida. Har yau in na tuna kallon nan sai zuciyata ta yi zafi.

Gaskiya abu ya yi kyau a ido. Da ya gama, cikin bututun nan har ɗaukar ido yake, maƙwabta suna karɓa suna leƙawa suna jinjina masa. Da aka mayar aka tayar da mota sai ta kama ruri, ko ba a taka totur ba injin gudu yake. Direban ya ce faifan ne ba ya rufewa ruf, tunda an faɗaɗa wurin zamansa, shi ya sa ta ƙi sauka ralanti, wato lafawar inji in mota na tsaye. Yayana ya ce ai ƙarfin ke nan, doki in ya ƙoshi sai ya yi haniniya. Ya bi gari yana ba da labari, har waɗansu masu motoci suka fara tambayar inda yake aiki. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na ji daɗi a kwanakin farko. Na ce wa kaina wataƙila tsoron banza nake yi, ga aiki ya yi kuma ban kashe komai ba. Mai ya ƙara tafiya fiye da da, direban ya gaya min, na ce ya yi shiru kada maganar ta kai kunnen Yaya.

Lokacin tumatir ya kankama, lokacin da muke jira duk shekara. Wata rana da hantsi motar ta taso daga Gidimuni shaƙe da kwandunan masu lambu. Hanyar ga ramuka ga gargada, mota tana ta jijjiga. Direban ya ce kwatsam ya ji ƙara a cikin inji kamar an zuba tsakuwa a turmi ana daka, kafin ya gangara gefe ta mutu murus. A nan ta yini cikin rana, babu motar da ke da wurin ɗaukar kayan. Kafin a samu kamiyon, wato babbar mota, da ya jawo su birni, tumatir ya narke, ruwansa yana tsiyaya ta ƙasan mota. Masu lambun nan sun yi shekaru suna ba mijina amanar kayansu. Ba su zage ni ba, sun ce ƙaddara ce, amma daga ranar suka koma ba wata mota kayansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Da makanikin ya buɗe injin, sai ya aika aka kira ni garaji. Ya ce in miƙo hannu, ya ajiye min wani ɗan ƙarfe da ya tauye, bai fi ƙwayar wake ba. Ɗaya daga cikin ƙusoshin nan ce. Tunda an aske wutsiyarta, jijjigar hanya ta warware ta, iska ta zuƙe ta zuwa cikin inji. Ya nuna min fistin da ya farfashe, da kan injin, wanda suke kira kulas, duk ya yi rami-rami. Ya ce wannan ya wuce gyara, sai dai wani injin, ni da ko sabon papiyon na kasa saya. Bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, wai me ya hana a wanke abin nan kawai kamar yadda ya ce. Garin neman gira mun rasa ido, na tsaya a tsakiyar garaji ina kuka kamar ranar da aka fita da gawar mijina.

Daga nan ban biya gida ba, maƙera na wuce da ƙusar a hannuna. A gaban abokan sana'arsa na nuna masa, na ce aikinsa ne ya kashe motar marayu, kuma an gargaɗe shi bai ji ba. Wallahi ban zage shi ba, ban kuma ce ya biya ba. So nake kawai ya ce ya yi kuskure, ko zuciyata ta yi sanyi. Sai ya ce mota tsohuwa ce, kwananta ne ya ƙare, kuma wa ya sani ko direban ne ya yi mata tuƙin ganganci. Kafin la'asar labari ya kai gida, amma ba labarin mota ba, labarin ƙanwar da ta ci mutuncin yayanta a bainar jama'a. Innarmu ta ƙi cin abinci. Goggonnina suka zo suka cika min ɗaki, suna cewa mutum ya yi maka aiki don Allah ka saka masa da tijara, wannan butulci ne. Babu wadda ta tambaye ni me yarana za su ci gobe. A wurinsu aikin zumunci ba a duba shi, ba a kushe shi, in ya ɓaci ma godiya ake yi.

Saboda hawayen Inna na je. Na durƙusa a gaban Yaya, a gaban matansa, na ce ya yafe min. Ya gyara zama ya ce ya yafe duniya da lahira, ai ni yarinya ce, zafin rashi ne. Motar kuwa wani Bakano mai sayen tsofaffin ƙarafa ya saye ta don ya cire abin da zai ciru. Kafin a ja ta, Yaya ya aiko a ba shi kulas ɗin da ya lalace, tunda ba shi da sauran amfani, na ce a ba shi. Bayan ɗan lokaci sai ga ɗaya daga cikin matansa da wata babbar tukunya sabuwa fil tana ƙyalli, wai in ji shi kyauta ce don in san babu komai a ransa. Ita ce ta gaya min, tana murmushi, da kan injin motarmu ya zuba ta, wai alminiyam ɗin mota ya fi kowane kyau. Na karɓa da hannu biyu, na ce a yi masa godiya.

Yau da wannan tukunyar nake dafa shinkafa da wake ina sayarwa a ƙofar gida. Babbar 'yata ta bar kolej, ita ke zuba wa masu saye. Direban ya koma zaman tasha yana jiran wanda zai ba shi tuƙin yini, kuma in mun haɗu sai ya gaishe ni da mutunci, bai taɓa ce min ai ya faɗa ba. Da ma ya faɗa, da ya fi min sauƙi. Yaya har yanzu yana nuna wa mutane bidiyon nan. Muna gaisawa, muna haɗuwa a biki da suna, amma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ba ta huce ba, kuma ina roƙon Allah ya cire min wannan ɗacin kafin in mutu.

Abin da na koya shi ne, araha ba ta ado, aikin kyauta kuma ya fi kowane aiki tsada, don wanda ka biya kana iya tsayar da shi, wanda ya yi maka don zumunci kuwa bakinka a ɗaure yake tun daga farko har ƙarshe. Iya goge tukunya daban, sanin cikin inji daban, ko da duka alminiyam ne. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman matan da aka bar wa amanar marayu, in abin da za a taɓa shi ne abincin 'ya'yanku, ku kai shi wurin masu sana'ar, ku yi ɗan abin da ƙarfinku ya kai ku tsaya a nan. In babba a gida ya ce zai gwada hannunsa a kai, ku ce a'a tun a zaure, a kira ku marasa kunya na yini ɗaya. Ni na ji kunyar faɗin kalma ɗaya, ga shi kullum da safe ina wanke motar mijina da toka da soso kafin in ɗora ta a murhu.