Na Yi Shekaru Ina Binciken Sankara, Sai Ga Ta A Jikina

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya same ni na ɗan haura shekara arba'in, ina da miji da 'ya'ya, ina aiki a wani ɗakin bincike a nan Abuja. Ilimin sinadarai na fara karantawa, na daɗe ina tace magani daga saiwoyi da ɓawon itatuwa. Daga baya na koma nazarin garkuwar jiki, wato yadda jiki ke gane cuta ya yaƙe ta, har na ƙare a kan sankara. Aikinmu shi ne mu karɓi ɗan yankin ƙarin da likita ya cire wa majiyyaci, da yardarsa, mu raine shi a ƙananan faranti, mu gwada masa magunguna mu ga wanda zai kashe shi. A zatona babu abin da ya rage game da cutar nan da zai razana ni.

Wata safiya ina wanka na ji ɗan ƙullutu a mamana na hagu. Ina taɓawa gabana ya faɗi. Mutane suna ganin ilimi yana kore tsoro, ni kuwa nawa ƙara mini ya yi, domin na sha kallon ƙwayoyin nan a ƙarƙashin madubi suna hayayyafa ba hutu. Ko maigidana ban gaya wa ba. Kullum sai in ce bari in kammala gwajin da ke hannuna tukuna, har watanni suka shuɗe.

Yayata ce ta gano ni. Tana da shagon atamfa a kasuwar Gudu, na je ɗaukar kayan Sallah na yara. Ta ɗora mini wata atamfa a kafaɗa don ta ga ko za ta karɓe ni, hannunta ya bugi wurin, na zabura. Ta ja ni bayan labule ta tambayi abin da nake ɓoyewa, sai kawai na fashe da kuka. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Yau ke ba Dakta ba ce, ƙanwata ce. Wuce mu tafi." Ta rufe shago ana tsaka da ciniki, a hanya ta kira maigidana ya same mu asibiti.

Gwaji ya tabbatar sankara ce, ta kai hammata amma ba ta wuce nan ba. Likita ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa da na zo da wuri, da maganin bai yi tsanani haka ba. Aka yi mini tiyata, aka fara ƙarin ruwan magani. Gashina ya zube, ko ƙamshin miya tayar mini da zuciya yake. A ɗakin ƙarin ruwan, a kujerar kusa da ni akwai wata manomiyar doya daga Karshi, Kirista, mai yawan dariya, wadda kullum take tambayata ko "Oga Dakta ta ci abinci". Jan ruwan da ake ɗura mana yana ba ta tsoro, sai na riƙa yi mata bayanin aikinsa da Hausar da za ta gane, ita kuma tana riƙe mini hannu idan amai ya taso. Tare muka gama, ta koma gonarta.

Kafin tiyata na amince a kai ƙarina ɗakin bincikenmu a raine shi. Abokan aikina sun cire sunana kamar yadda ake yi wa kowa, saboda haka har yau ban san wane faranti ne nawa ba. Alhamdulillahi na koma aiki, gashi ya tsiro, likitoci sun ce ba a ga alamar komai ba. Sai dai yanzu duk farantin da na ɗauka, nakan tuna akwai mai shi a gida tana jiran labari mai daɗi.

'Yan'uwana mata, sankara tana jin magani idan aka tare ta da wuri, da idona na gani, a jikina kuma na shaida. Duk wadda ta ji baƙon abu a jikinta, kada ta jira ta gama wani aiki. Ta gaya wa na kusa da ita, su tafi asibiti a ranar.