Kyaftin Ganief Bai Bar Gada Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan ana kirana da sunan da ba ubana ne ya raɗa mini ba. Daga ƙofar masallaci har layin masu sayen koesister, fanken nan namu mai zaƙi, ranar Lahadi, ba mai ce mini Ganief Sadan. Kyaftin Gudu ake cewa. Mutumin da alƙalaminsa ya jawo mini wannan kuwa ya tafi bai gyara ba.

Ranar Talata, uku ga Satumba, 2019, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mutumin nan, abokina Boeta Armien Kamaldien, a gidansa da ke unguwar Salt River, yana da shekara saba'in da tara. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ina kan tsani ina toshe wata tsaga a bangon maƙwabci aka zo aka faɗa mini. Na sauko, na wanke cokalin filasta tas kamar ba a ce kome ba, sannan na nufi gidansa. Bayan la'asar muka kai shi, iska tana fizge mana huluna.

Boeta, da kai nake. Ka san ban zauna a aji ko na kwana ɗaya ba. Wannan takarda da fensirin aiki na rubuta ta, kwana tara ina fama, in rubuta layi biyu in tashi in zagaya tsakar gida in dawo, don tun da aka binne ka kujera ba ta riƙe ni. Yau za a karanta ta a sadakar arba'in ɗinka, kuma na ce kada a tsallake mini ko layi ɗaya.

Layi ɗaya muka tashi a unguwar District Six, ka girme ni da shekara uku. Da aka zo da katafila aka rushe unguwar aka kwashe mu, ni na yi shekara goma ina zagi. Kai kuwa aikinka ka sa gaba. Ka ci gaba da zuwa ofishin jirgin ƙasa kana tsara lokutan jiragen kaya. Sai wata Asabar ka kira ni ɗakin baya na wannan gida, ka ce in haɗa maka tebur mai faɗin ƙofa biyu. Na ce na cin abinci? Ka ce na ƙasa. Ka shimfiɗa mini taswirar da ka zana da hannunka, wata ƙasa wai ita Talmara, da sarautar Oskel a arewa, da ta Benduwa a kudu, da kogi a tsakani. Ka ce, “Wannan dai babu mai zuwa da takarda ya ce in tashi.”

Duwatsun ƙasar nan duk ni na yi su da ragowar filasta. Ni na fafe kogin, ni na gina gadar da ke kansa.

Shekara arba'in da biyar kana yaƙi a kan teburin nan kai kaɗai, da sojojin dalma da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda ka narka ka zuba ka yi wa fenti ɗaya bayan ɗaya. Kai ne sarkin arewa, kai ne na kudu. Na taɓa tambayarka yadda mutum zai yi wa kansa kwanton ɓauna, sai ka nuna mini kwalayen ashana sittin da ka manne wuri ɗaya kamar ƙaramar durowa. Kowane kwali da lambarsa, kowanne yana madadin wani wuri a taswira. Kowace runduna tana da 'yar takarda a naɗe. Ɗan ludo ne ke faɗin kwalin da za ta shiga, kai kuma ba ka warware ta, saboda haka ba ka san wa ke ina ba sai takardu biyu sun haɗu a kwali ɗaya. Ranar ce za ka jera sojoji a gwabza, ka ɗauko littafi ka rubuta abin da ya faru. Littafi sittin da uku ka cika. Dokokinka uku, kuma ban taɓa ganin ka karya ɗaya ba: ba a sake jefa ɗan ludo, ba a goge abin da tawada ta rubuta, abin da babu shi a kwali kuma, to babu shi a ƙasa. Matarka Tietie Galiema takan leƙo ta ce, “Armien, abinci ya huce. Wa aka kashe maka yau?” In janar ɗin da kake so ne ya faɗi, ranar ko shayi ba ka sha.

Ba zan ɓoye alherinka don ina jin haushinka ba. Da matata Rugaya ta kwanta, wata goma sha ɗaya kana zuwa duk Laraba da tsohuwar motarka kana kai ta asibiti, kana zaune a waje da jarida har a gama. Da ta rasu gidana ya fi ƙarfina, ka jawo ni ɗakin baya ka ba ni kujera. Wata rana ka ce in miƙo maka tambarin wani gari, na miƙo wani daban, na sake miƙo wani daban. Ka dube ni, ka gane ban iya karatu ba, ba ka yi dariya ba. Ka rufe ƙofa ka ɗora yatsana a kan taswira ka ce, “Wannan O ce, ta Oskel.” Ina da shekara hamsin da biyu. Duk Lahadi muka yi ta yi, da sunayen garuruwan da babu su a duniya, kuma ko Tietie ba ka faɗa wa ba. Da na iya rubuta sunana ka ce ladana shi ne muƙami. Ka zuba sabon soja, ka yi masa furfura irin tawa, ka sa masa suna Kyaftin Ganief, ka ba shi mutum ɗari biyu da tsaron gada. Takardarsa tana kwali na goma sha bakwai, ba ta motsi, don mai gadi ba ya yawo.

Sai damina ta 1997. Rundunar kudu ta iso gada, ka jawo kwali na sha bakwai, ka tarar da takardar abokan gaba ita kaɗai. Lahadin da ta biyo na shigo ina jin kaina, na buɗe littafin da kaina don in nuna maka na iya. Jimla ta farko da na taɓa karantawa a duniya ba tare da taimakon kowa ba ita ce: “Kyaftin Ganief ya bar gada, ba a san inda ya nufa ba.”

Na ce, “Boeta, ni ne na gudu?”

Ka ce, “Ba kai ba. Kyaftin.”

“Sunan wa gare shi?”

“Na buɗe kwali ba ya ciki. Me kake so in rubuta?”

“Rubuta ya zagaya kama ruwa.”

“Da mutum ɗari biyu?”

“Ni na gina gadar nan. Ka taɓa ganin na bar gini na tafi?”

Ka cire tabarau ka ce, “Ganief, ba abin da nake so nake rubutawa ba. Abin da ya faru nake rubutawa.”

Ta gadar nan aka wuce aka ci birnin Oskel. Kai ba ka kai maganar waje ba, wannan na yarda. Ni ne na tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ina neman wanda zai raba mu, sai Salie tela ya ce, “Kyaftin, yau ma ta ƙofar baya za ka fice?” Shi ke nan suna ya zauna. Daga ranar ban sake taka ɗakin baya ba. Ina zuwa duk Lahadi, amma a kicin nake zama. Duk Sallah mu rungume juna mu nemi gafara, in ce na yafe kome ban da maganar gada, kai kuma ka ce Allah Ya kai mu baɗi.

To ga abin da ya ƙara hana ni zama. Makon jiya 'yarka Shanaaz ta ce wata ƙungiya ta masu irin wannan wasa za ta zo gobe Litinin ta kwashe littattafai da sojoji ta adana, ta roƙe ni in kwance teburin tunda ni na haɗa. Na shiga. Warin fenti yana nan, tabon gwiwar hannunka yana nan a gefen katako. Na ɗauki durowar ashana, hannuna ya tafi kan sha bakwai da kansa. Kai rabi kake jawo kwali, wai kada ya yage. Ni na zare shi duka. Can ƙurya, manne da bangon baya a cikin busasshen ɗigon gam, ga 'yar takarda. Na ɓamɓaro ta da bakin wuƙa na warware. Rubutunka ne: “Kyaftin Ganief, mutum ɗari biyu.”

Yana nan, Boeta. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a bakin gada, ba a kai masa ko ruwa ba.

Gam ɗin nawa ne. A waccan daminar laima ta sa kwalayen suka saki, ka ba ni in gyara, ka ce in fara fitar da takardun, na ce kada ka koya mini aikina. Na faɗa, kuma ba zan sake faɗa ba. Amma kai ma da ka zare kwalin duka da ba a kai nan ba.

Ina tsaye da takardar Tietie ta shigo. A al'adarka sojan da ya gudu narka shi ake yi a zuba wani, don haka na daɗe da sanin an narka ni. Sai ta miƙo mini gidan tabaraunka. Kyaftin yana ciki a naɗe da ƙyalle, fentin kafaɗarsa ya goge saboda taɓawa. Ta ce, “Duk sabon littafi sai ya rubuta a shafin farko wai an ɗage shari'arka. Na ce masa, Armien, ga mutumin nan a kicin yana cinye mana koesister, je ka faɗa masa mana. Ya ce ba a samu shaida ba tukuna.” Na zauna a ƙasa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Littafi talatin da ɗaya, kowanne da layin nan: “An ɗage shari'ar Kyaftin Ganief har a samu shaida.”

Yanzu ga shaida, alƙali kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Na je wa Shanaaz, ta ce, “Kawu, hannun Baba kaɗai ke cikin littattafan nan, ba zan sa nawa ba.” Na je wa liman, ya ce in rabon gado ne yana da magana, amma ƙasar Talmara ba ta cikin karatunsa. Na sa aka kira mini shugaban ƙungiyar a waya, ya ce in Kyaftin yana gada, to wataƙila Oskel ba ta faɗi ba, ke nan littafi talatin da ɗaya sun tashi a banza. Na san yadda rushe wa mutum gari yake, ba zan rushe maka naka ba. A bar Oskel a faɗe. Layi ɗaya nake nema a ƙasan layinka na ƙarshe. Da hannuna zan iya, kai ka koya mini, amma wanda ake tuhuma ba ya rubuta hukuncin kansa, kuma kai ne farkon wanda zai ƙi karɓa.

Allah Ya gafarta maka, Boeta Armien. Allah Ya faɗaɗa kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Larabobin nan da Lahadin nan a ma'auninka. Yadda ka rufa mini asiri ban iya karatu ba, Allah Ya rufa maka naka ranar da za a buɗe littattafai. Yadda ka ƙi yanke mini hukunci ba shaida, Allah Ya yi maka hisabi mai sauƙi, Ya ba ka gidan da ba mai tashinka daga cikinsa. Tietie Galiema, Shanaaz, da dukan dangin Kamaldien, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Maganar gada ma na yafe. Na so a ce a kunnenka na faɗa.

Amma yafewa ba ta gyara littafi. Gobe da ƙarfe goma mota za ta zo, baƙi za su karanta cewa na gudu, kuma ba wanda zai ce musu a'a. Na ajiye littafi na sittin da uku a buɗe a kan tebur, da takardar, da Kyaftin, da alƙalaminka cike da tawada. Salie, kai ka raɗa sunan, kana zaune a nan, na san kana ji. Liman yana nan, Tietie tana nan. Ba zan sha shayin nan ba, ba kuma zan kwance ƙafar tebur ko ɗaya ba, sai wani a cikinku ya tashi ya amsa mini. Wa zai rubuta cewa Kyaftin Ganief bai bar gada ba?